Ina Masu Tarin Fuka Suke Ɓacewa?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 440,000 ne suka kamu da tarin fuka a Nijeriya. A wannan shekarar dai, waɗanda sunansu ya shiga rajistar shirin yaƙi da cutar na ƙasa ba su wuce 120,000 da 'yan kai ba. A cire wannan daga wancan, saura 320,000. Ba a ce sun warke ba, ba a ce sun rasu ba, babu dai takardar da ta san da zamansu. Haka lissafin yake a 2018, haka yake a 2017: cikin kowane mutum huɗu, ɗaya kawai ake gani.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne tari ba ciwon ɓoye ba ne. Mai hawan jini yana iya shekara goma shi kansa bai sani ba, balle maƙwabcinsa. Mai tari kuwa sahun salla ya san shi, 'yan majalisarsu sun san shi, matarsa ba ta samun barci. Ta yaya mutanen da kowa ke jin tarinsu za su ɓace wa asibiti, kuma ba ɗaya ba, ba ɗari ba, dubu ɗari uku duk shekara?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce nisa: mutanen karkara ne, babu hanya, babu asibiti. Shi ya sa na zaɓi a bi sawun a Doka, inda wannan uzuri ba shi da wurin zama. Nan ne tsakiyar Kaduna, nan sakatariyar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa take a Magajin Gari. A Titin Lafia ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda tsofaffin 'yan gari har yau suke kira Nursing Home, mai ɗauke da sunan ɗan Wusasan nan da ya zama likitan farko daga Arewa. Tsakanin Titin Ahmadu Bello da Titin Kano da Titin Legas, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga allon asibitin kuɗi ko ɗakin gwaje-gwaje ko kemis ba. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa baki ɗaya tana Saye a Zariya, tafiyar da ake yi a dawo kafin azahar. Maganin kuma kyauta ne, gwajin kaki ma haka. In har mai tari zai iya ɓacewa a nan, to ruwa ba ya tsami banza.

Wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne lissafin kansa. Wa ya ƙirga mutum 440,000 da ba a gani ba? Tambayar tana kan hanya, kuma tana da amsa. A 2012 Nijeriya ta yi bincikenta na farko na ƙasa baki ɗaya kan yawan cutar. Ba rajistar asibiti aka buɗe ba. Unguwanni da ƙauyuka aka zaɓa aka shiga, aka tara manya sama da 40,000, aka yi musu tambayoyi, aka ɗauki hoton ƙirjinsu, wanda aka ga alama tare da shi aka karɓi kakinsa. Abin da ya fito ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ninka ƙiyasinta kusan sau uku. Daga baya aka sake tace lissafin, ya sauko zuwa mutum 219 cikin kowane 100,000 a shekara. A ɗora wannan ma'auni a kan Kaduna ta Arewa, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 350,000, za a samu kusan mutum 800 a shekara, ko da a ce tun daga lokacin ba a ƙara haihuwar kowa ba.

Ke nan mutanen suna nan, ba ƙirƙirar su aka yi ba. Binciken ya kuma bar alamu guda biyu da za su yi amfani a gaba. Ta farko, cutar ta ninka a maza idan aka kwatanta da mata. Ta biyu, akwai waɗanda aka samu da ƙwayar cutar a kakinsu alhali da aka tambaye su sun ce ba sa fama da wani tari.

A fara da ta farko. Me ya sa maza? Hayaƙin taba da ƙurar wurin aiki da cakuɗar kasuwa duk suna ciki. Amma akwai wani dalilin da duk mazaunin gari ya sani: mace tana shiga asibiti ko ba ta da ciwo, ta je awo, ta kai yaro rigakafi, a nan wata ma'aikaciya za ta ji tarinta. Namiji mai neman na cefane kuwa, wuni ɗaya a layin yankar kati wuni ɗaya ne babu ciniki.

Mu ƙaddara wani tela a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, irinsa ba su ƙirguwa. Tari ya kama shi da shigowar hunturu, yana zufa da dare, wandonsa ya fara yi masa yawa. Masu saurin yanke hukunci za su ce jahilci ne zai hana shi neman magani, ko ya tafi wurin mai saiwa ya ce jifa ne. Akan samu haka. Amma abin da aka fi samu shi ne, bayan isha'i ya rufe shago ya tsaya a kemis ɗin bakin layinsu.

"Likita, a haɗa mini na tari, na ɗari biyar. Ya hana ni barci."

"Tun yaushe, maigida?"

"An kwana biyu. Sanyin nan ne kawai."

Sai a ba shi na ruwa a kwalba da 'yan ƙwayoyi a leda. Idan cikin ƙwayoyin akwai ciprofloxacin ko levofloxacin, to an shiga wani sabon babi, domin waɗannan magunguna suna taɓa ƙwayar tarin fuka, sai dai ba sa gamawa da ita su kaɗai. Zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, tela ya ce Alhamdu lillahi ya koma kan kekensa. Bayan mako uku ciwo ya dawo, ya sake komawa kemis, tunda ai maganin ya yi masa aiki wancan karon. Ana cikin haka watanni suna tafiya, yaran shagonsa da iyalinsa suna shaƙar iska ɗaya da shi. Ga kuma wata ɓarnar a ɓoye: wannan jinsin magani shi ake ajiyewa domin tarin fukan da ya bijire wa maganin farko, kuma shan sa gutsi-gutsi yana koya wa ƙwayar cutar jure masa.

Ban ga laifin da za a ɗora wa mai kemis shi kaɗai ba. Shi ne yake buɗe da ƙarfe goma na dare, shi ne ke ba da bashi, shi ne ya san sunan 'ya'yanka. Abin lura a nan shi ne tela bai ɓuya ba. Ya nemi magani tun makon farko, sai dai ƙofar da ya ƙwanƙwasa ba ta da rajista kuma ba ta da kwalbar karɓar kaki. Da aka gane haka, daga wajajen 2018 wani shiri mai suna SHOPS Plus ya fara haɗa masu kemis da ƙananan asibitocin kuɗi a Kano da Legas da wuraren gwaji, wasu shirye-shiryen suka bi sahu a sauran jihohi. Cikin 'yan shekaru, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ake ganowa a ƙasar ta hannun masu zaman kansu suke fitowa. An gano kaso na farko na ɓatattun.

Amma a ce tela ya daure ya je asibiti, ya tofa kaki a kwalba. Shekaru da dama abin da zai biyo baya shi ne a shafa kakin a gilashi, a rina shi, ma'aikaci ya leƙa ta madubin hangen ƙwayoyin cuta. Asalin wannan hanya tun zamanin Robert Koch ne, Bajamushen da ya bayyana ƙwayar cutar ranar 24 ga Maris, 1882. Ido ba ya kama ƙwayar sai ta kai dubbai a cikin ɗan kaki kaɗan, don haka kusan rabin masu cutar sukan fita da takarda mai cewa ba a ga komai ba. Abin ya fi muni ga yara da masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Mutum ya zo har gaban likita, an gwada shi, an sallame shi da cutarsa. Wannan shi ne kaso na biyu, kuma su ne suka fi ba ni tausayi, domin sun yi duk abin da aka ce su yi.

A nan na'ura ta farko ta shigo. A Disambar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da GeneXpert, na'urar wani kamfanin Amurka wadda ba kallon ƙwayar take yi ba, ƙwayoyin halittarta take nema. Cikin ƙasa da awa biyu takan faɗi ko akwai cutar, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampicin, babban maganin da ake dogaro da shi. A 2016 Nijeriya ta mai da ita gwajin farko ga duk wanda ake zargi. Aka kuma maƙala wa na'urorin wata manhaja mai suna GxAlert, wadda da zarar sakamako ya fito take aika shi ta intanet da saƙon waya, ta sanar in wani sashen na'urar ya lalace ko kayan gwaji sun kusa ƙarewa. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka gwada wannan.

Da wannan sai a ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A 2013 an gano mutum wajen 100,000. A 2018, bayan ɗaruruwan na'urori sun bazu a ƙasar, an gano 106,000 da ɗoriya. Gwaji ya inganta nesa ba kusa ba, adadi kuma ya tsaya cak. Wani ɓangaren dalilin sananne ne: na'urar tana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi, abubuwa biyu da ba a cika samun su tare ba a watan Afrilu. Amma babban dalilin ya fi wannan sauƙi. Na'ura ba ta gwada kakin da ba a kawo mata ba, kuma a lokacin ba a karɓar kaki sai daga wanda ya ce ya yi mako biyu yana tari.

Sai a koma ga alama ta biyu da binciken 2012 ya bari. Da masana suka haɗa irin waɗannan bincike na ƙasashen Afirka da Asiya, sai suka ga kusan rabin waɗanda aka tabbatar suna da cutar a huhu ba su ba da labarin alamomin da ake tambaya ba. Wasu da gaske ba sa tarin. Wasu suna yi, amma mai shan taba ko mai aiki cikin ƙura ba ya lissafa tarin safe a matsayin ciwo. Tambayar "kana tari?" tana zubar da rabin mutanen tun a bakin ƙofa. Abin da ke kama su shi ne hoton ƙirji, domin huhu yakan nuna tabo kafin baki ya yi ƙorafi.

To wa zai karanta hoton? Ƙwararrun likitocin hoto a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan asibitocin birane. Ko a Doka da take da su, ba mai ɗauko ƙwararre ya zaunar da shi a bakin kasuwa yana duba hoton 'yan dako ɗari biyu a wuni.

Wannan giɓin ne ƙirƙirarriyar basira ta cike, kuma a ganina shi ne aiki mafi tsafta da ta yi wa lafiyar talaka zuwa yau. An nuna wa manhaja hotunan ƙirji masu ɗimbin yawa waɗanda aka riga aka san na mai cuta da na mai lafiya, har ta koyi bambance su. A Maris 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin waɗannan manhajoji a madadin idon mutum wajen tantance masu shekara 15 zuwa sama, bayan an auna guda uku: CAD4TB ta Holan, qXR ta Indiya da Lunit ta Koriya ta Kudu. Na'urar ɗaukar hoton ma ta ƙanƙance har ana goya ta a jaka, tana aiki da batir. Ƙungiyar KNCV ta Nijeriya, wadda daga 2020 ta gudanar da wani shiri da kuɗin USAID, hukumar tallafin Amurka, a jihohi 14 da suka haɗa da Kaduna da Kano da Katsina, ta ɗora irin waɗannan kaya a manyan motoci, daga baya har a Keke Napep domin shiga lungu. Mutum ya tsaya, a ɗauki hoto, kafin ya gama ɓalla maɓallin rigarsa manhaja ta ba shi maki tsakanin 0 da 100. Wanda makinsa ya haura iyakar da aka sa, sai a karɓi kakinsa.

Sai dai a fahimci iyakar aikinta. Manhajar ba ta cewa wane yana da tarin fuka, cewa take yi wannan huhun ya cancanci gwaji. Tsohon tabon wanda ya taɓa yin cutar ya warke yana ɗaga maki, ciwon huhu na daban ma haka. Iyakar makin kuma mutane ne ke sa ta: a sauko da ita, kayan gwaji su ƙare a kan masu lafiya, a ɗaga ta, masu cuta su wuce. Duk wurin da aka fara ɗora mutane a kan maganin wata shida saboda maki kawai, babu kaki babu idon likita, to an ƙara adadi a rajista ba tare da an gano ɓatattun ba.

Saura tambayar inda za a ajiye keken. Jihar Kaduna tana da gundumomi 255, ba za a bi su duka da na'urori 'yan ƙalilan ba. Nan ma aka sa wata manhajar, EWORS, wadda KNCV ta yi aiki da ita a jihohin nan 14. Tana tattara adireshin waɗanda aka riga aka gano, ta zuba su a taswira, in ta ga sun taru a wata gunduma sai ta aika wa ma'aikata gargaɗi su kai gwaji can. Da aka auna, an fi samun masu cutar a wuraren da ta nuna fiye da inda ba ta nuna ba.

Amma a Doka wannan taswira tana da makanta guda wadda ɗan gari ne kawai zai gani. Doka ta rana daban, ta dare daban. Dubban da ke cika kasuwa da shagunan Titin Ahmadu Bello da safe, da magariba sun watse zuwa Rigasa da Tudun Wada da Kawo da Mando da ƙetaren kogi. Telanmu a Rigasa yake kwana, wato a Ƙaramar Hukumar Igabi, amma awa goma yake yi kullum a shago mai taga ɗaya da yara huɗu. Rajista tana tambayar inda yake kwana, ba ta tambayar inda yake wuni. Taswirar za ta yi ja a Rigasa, layin teloli kuwa ya fito fari tas. Ƙara layi ɗaya a takarda, "ina kake sana'a?", zai ba manhajar idon da ba ta da shi. Ga kuma adireshin namu, "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure", wanda ɗan unguwa zai kai ka ido rufe amma kwamfuta ba ta san inda za ta sa masa ɗigo ba.

Duk da haka adadi ya motsa, kuma ya motsa sosai. A 2020, shekarar da korona ta sa gano masu tarin fuka ya faɗi a duniya daga miliyan 7.1 zuwa 5.8, na Nijeriya hawa ya yi zuwa 138,000. A 2021 ya kai 207,000, a 2022 ya kai 285,000, a 2023 ya haura 360,000. Ba na'ura kaɗai ta yi wannan ba. An zuba ma'aikata a ƙofar asibitoci suna tambayar duk wanda ya shigo ko da ciwon ƙafa ya kawo shi, an bi gidajen waɗanda aka gano an gwada iyalansu, an shigo da masu kemis, an sa 'yan babur suna kwasar kaki daga ƙananan asibitoci zuwa inda na'ura take. Manhajojin sun nuna inda za a duba da wanda za a duba, mutane suka yi tafiyar.

Amma ƙiyasin 2023 ya kusa 500,000. Ke nan a wannan shekarar sama da mutum 100,000 ba a san inda suke ba, kuma ko cikin waɗanda gwaji ya kama akwai masu sulalewa. Wani nazari da aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2014 ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya gano cewa a Afirka kimanin kashi 18 cikin 100 na waɗanda gwaji ya tabbatar suna da cutar ba sa fara shan magani. An gan su, an san sunansu, sakamakonsu yana cikin na'ura, amma sun ɓace. Wannan ita ce alamar da ta warware sauran.

A sake bin telan, a ƙirga hannuwan da zai ratsa. Mai kemis ya tura shi wurin hoto. Mai hoto ya ba shi kwalba. Kwalba ta jira ɗan babur. Ɗan babur ya kai ɗakin gwaji. Na'ura ta fitar da sakamako ta aika saƙo. Saƙon ya shiga wayar wani jami'i. Jami'in ya kira lambar da tela ya bayar, wadda ta yiwu ta ƙaninsa ce, ko tana kashe saboda babu caji. In an same shi, sai ya zo asibitin da ke ba da magani, a buɗe masa kati, a tarar akwai maganin a ajiye. Sannan wata biyu yana shan haɗin magani huɗu, wata huɗu yana shan biyu, alhali tun a mako na uku ya ji garau kuma ɗinkin salla ya taru. Duk wanda ya taɓa ganin ranar zuba dakin ya san yadda leburori ke jeruwa suna miƙa kwanon kankare daga hannu zuwa hannu har sama. Kowa a layin yana iya zama ƙaƙƙarfa, amma in mutum ɗaya ya miƙa babu wanda ya karɓa, kankaren a ƙasa zai zube, kuma kowa zai rantse ya yi nasa aikin.

Ga inda mutanen suke ɓacewa. Ba a daji ba, ba a wurin boka ba, a tsakanin hannu da hannu. Manhajar hoto ta ba da maki ta gama nata. GeneXpert ta aika saƙo ta gama nata. Taswira ta yi ja ta gama nata. Kowace tana da rumbun bayananta, sau da yawa da lambar da ta ba mutumin daban da ta 'yar'uwarta, kuma babu wadda aikinta shi ne ta tambaya: wanda na miƙa jiya, ya isa?

Yanzu duniya tana ta maganar wakilan ƙirƙirarriyar basira masu aiki tare, wato manhajoji da dama, kowace da aikinta, suna miƙa wa juna suna kuma bin diddigin juna. A Yunin 2025 kamfanin Microsoft ya nuna wani tsari da ya kasa aikin likita gida biyar: ɗaya tana jera cututtukan da ake zargi, ɗaya tana zaɓen gwaji, ɗaya aikinta musu da sauran, ɗaya tana lura da kuɗi, ɗaya tana duba kuskure. A kan matsaloli 304 masu wuya da aka ɗebo daga wata babbar mujallar likitanci ta Amurka, tsarin ya dace a kusan kashi 85 cikin 100, likitocin da aka gwada, waɗanda aka hana su buɗe littafi ko tuntuɓar abokan aiki, suka tsaya a wajen kashi 20. Abin a yaba ne, ko da yake a kan takarda aka yi shi, ba a kan majinyata ba. Amma ciwon telanmu ba mai wuyar ganewa ba ne. Ba taron masana yake buƙata ba, mai riƙe masa hanya yake buƙata.

Haɗin da zai yi wa Doka amfani ya fi wancan araha. Lamba ɗaya ga mutum ɗaya tun daga kemis har ƙwayar magani ta ƙarshe. Wakiliya ɗaya ta riƙa gwama jerin masu babban maki da jerin kakin da ya isa ɗakin gwaji, in kwana biyu suka wuce babu kakin wane ta tada ɗan babur da mai hoto. Wata ta gwama sakamakon GeneXpert da rajistar fara magani, duk sunan da ke can babu shi a nan ta kai shi gaban jami'in tarin fuka na ƙaramar hukuma, in mutumin a Igabi yake kwana ta sanar da na Igabi ma. Wata ta duba yawan sababbin majinyata ta auna shi da maganin da ya rage a ma'aji tun kafin ya ƙare. Wata kuma ta kira tela da Hausa, da murya ba rubutu ba, ta tuna masa ranar karɓar magani, ta gaya masa jan fitsarin da yake gani aikin rifampicin ne kada ya tsorata, amma in idonsa ya yi rawaya ya zo yau ba gobe ba. Wannan na ƙarshe ya matso kusa tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS a Satumbar 2025, manhajar harshe mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo.

A nan dole a yi taka-tsantsan, domin waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Saƙon da ya ambaci sunan cutar yana iya faɗawa hannun kishiya ko suruka ko maigidan shago, kuma an sha ware wa mai tarin fuka kwano da kofi, an sha fasa aure a kansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Tun ranar karɓar kaki ya kamata a tambayi mutum wace lamba za a kira da kuma me aka yarda a faɗa, saƙon kuma kada ya wuce "Malam, ana neman ka a asibiti game da gwajinka." Hukuncin fara magani ko sauya shi kuwa na likita ne, manhaja iyakarta ta tuna ta kuma tada wanda ya yi barci.

Ko an yi duk wannan, gargaɗin manhaja a wayar mutum zai sauka, kuma mutumin sai yana da man babur da albashi kafin ya je ya ƙwanƙwasa gida mai jan ƙyaure. Tela ma sai yana da kuɗin mota: binciken 2017 ya nuna kashi 71 cikin 100 na gidajen da cutar ta shiga a Nijeriya suna asarar sama da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara, duk da maganin kyauta ne. An ga nauyin wannan a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ta rushe USAID. Kafin Maris ya yi nisa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a ƙasashen da cutar ta fi yawa dubban ma'aikata na fuskantar sallama, jigilar kaki tana tsayawa, tattara bayanai yana rushewa. Na'urorin suna nan inda aka ajiye su. Waɗanda suka fara tafiya su ne masu tambaya a bakin ƙofa da 'yan babur da masu bin gida, wato daidai hannuwan da ke karɓa.

Saboda haka akwai adadi ɗaya da ya kamata 'yan majalisar jiha da ke zama a Lugard Hall, nan cikin Kaduna ta Arewa, su riƙa nema duk wata uku, da kuma kafin su amince da kasafin lafiya: cikin waɗanda gwaji ya tabbatar suna da tarin fuka a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, nawa ne suka fara magani cikin mako guda, kuma ina sauran? Rabin amsar yana cikin GxAlert, rabin yana cikin rajistar asibitocin da ke ba da magani, gwama su kuwa aikin daƙiƙa ne ga manhaja. Jerin sunayen da zai fito shi ne zai nuna babur nawa da ma'aikaci nawa jiha za ta biya da kuɗinta. Wanda kuma yake da tarin da ya kai mako biyu, ko yake kwana ɗaki ɗaya ko wuni shago ɗaya da mai irinsa, lambar 3340 kyauta ce daga wayar hannu, za a gaya masa wurin gwaji mafi kusa da shi.